Mu Ɗauki Baka Mu Nufi Argungu

Tun da aka kafa ƙungiyar IPSC a Amurka cikin 1976, maharba ƙaramar bindiga suke ƙetare ƙasashe domin gasa, kuma abokan da suke samowa sun fi kofuna yawa. Mu nan doka ta tsananta kan mallakar irin wannan bindiga, amma ba ta hana mu baka da kibiya ba. A bikin Argungu, wanda ya samo asali cikin 1934 sa'ad da Sarkin Musulmi Hassan ya ziyarci Kabawa bayan doguwar gaba, akan yi gasar harbin kibiya. To, don me mu ɗaliban Birnin Kebbi ba mu wuce 'yan kallo ba? Lalle ƙungiyarmu ta zaɓi samari, ta roƙi tsofaffin maharba su horar da su, ta yi shatar mota guda.