Karatu a ƙasashen waje: Ina mafita ga ɗaliban Jigawa?

Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ɗaliban jihar Jigawa masu karatun likita na cikin dubban 'yan Najeriya da aka kwaso daga ƙasar. Daga bisani gwamnatin Malam Umar Namadi ta mayar da su Jami'ar Near East da ke arewacin Cyprus domin su ƙarasa karatunsu.

Jihar ta daɗe tana tura ɗalibai waje saboda ƙarancin likitoci. A zamanin Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ma an tura wasu China.

Sai dai wannan hanya ta ƙara tsada. Dalar Amurka da hukuma ke sayarwa kimanin naira 460 a watan Mayun 2023 ta haura naira 1,400 a farkon 2024. Daga watan Janairun 2025 asusun TETFund ya dakatar da ɗaukar nauyin malaman jami'o'i zuwa karatu a waje, kuma a shekarar ce gwamnatin tarayya ta sanar da soke shirin tura sabbin ɗalibai karatu a ƙasashe kamar Rasha da Moroko.

Musayar ɗalibai

Akwai wata hanyar da ba a cika maganarta ba a arewacin Najeriya, wato musayar ɗalibai. A wannan tsari ɗalibi kan yi zango ɗaya ko biyu a wata jami'a ta waje, ya dawo ya kammala digirinsa a gida. Tarayyar Turai ta fara irin wannan shiri mai suna Erasmus tun 1987.

Kuɗin wata shida bai kai na shekara shida ba, kuma da wuya ɗalibin da takardar digirinsa ke gida ya ƙi dawowa.

To amma musaya ba ta yiwuwa sai kowane ɓangare na da abin bayarwa. Abin tambaya shi ne, me Jami'ar Sule Lamido da aka kafa a Kafin Hausa a 2013 za ta nuna wa baƙon ɗalibi?

Amsar tana ƙofar gidanta. Fadamar Hadejia da Nguru matattara ce ta tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai duk shekara. A nan ake ganin yadda madatsun ruwan Tiga da Challawa suka sauya tafiyar kogi, da yadda ciyawar kachala ke toshe hanyoyin ruwa, da ɓarnar ambaliya irin ta 2022. Mai nazarin ruwa ko noma ko sauyin yanayi ba zai sami wannan a ɗakin karatu ba.

Musaya ba za ta samar da likitocin da asibitin Hadejia ke buƙata ba. Wannan aikin makarantun likita ne na cikin gida. Tana kuma buƙatar masauki da tsaro da jadawalin karatun da yajin aiki bai wargaza ba.

Idan ba a samar da waɗannan ba, fita waje za ta koma ta 'ya'yan masu hali kawai.