Ra'ayinmu: Taimako Da Yawa, Maɗauri Babu

'Yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, akwai wata magana da muke ganin lokaci ya yi da za a faɗe ta a fili. Sau da yawa wahalar iyalan karkara ba ta rashin masu taimako ba ce kaɗai. Masu taimakon suna nan, amma kowa harkar gabansa yake yi, babu wanda ya san abin da ɗan'uwansa ya bayar, ko wanda ya ba.

Mu ɗauki misali da Ƙaramar Hukumar Kirikasamma ta Masarautar Haɗejiya a Jihar Jigawa, ƙasar manoma da masunta da makiyaya, wadda ambaliya ke yawan yi wa ɓarna, kamar yadda ta yi wa sassa da dama na jihar a 1444 bayan Hijira, wato 2022. Taimako iri-iri ya sha ratsawa ta irin wannan wuri. A 2007 gwamnatin jihar ta fara biyan naƙasassu Naira 7,000 kowane wata. Daga 2013 zuwa 2019 ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger, da kuɗin gwamnatin Birtaniya, sun gudanar da wani shiri a Kirikasamma da Buji da Gagarawa, da kuma Anka da Tsafe ta Jihar Zamfara, inda aka riƙa ba mace mai ciki Naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta ɓullo da nata shirin na ba gidaje matalauta Naira 5,000 a wata. Ga zakka, ga kayan agajin gaggawa, ga abin da attajirai ke rabawa da azumi.

To, ina gizo yake saƙar? Kowane shiri da nasa littafin sunaye, da nasa ma'aikata, da tasa ranar rabo. Alhali kuwa matsalar gida ɗaya ba ta zuwa a rarrabe. Gwauruwar da ruwa ya cinye gonarta ita ce mai yaro mai tamowa, ita ce kuma za ta cire 'yarta daga makaranta ta ɗora mata talla. Malamin asibiti ya ga yaron, hedimasta ya ga gurbin yarinyar a aji, malamin gona ya ga gonar, amma ba su taɓa zama sun gane cewa gida guda suke magana a kai ba. Sai ka tarar mai baki da sanayya sunansa ya fito sau uku, mai kunya da na rugar nesa ba su fito ko sau ɗaya ba.

Wa ya kamata ya zama maɗaurin tsintsiyar? Mu a ganinmu ƙaramar hukuma ce. Don a kai mulki kusa da talaka aka yi gyaran 1976 wanda ya kawar da tsarin En'e. Tsarin mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi rajistar haihuwa da mutuwa da aure, da kula da gidajen gajiyayyu, da sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya da aikin gona. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye. Saboda haka hujjar naɗe hannu ta ragu ƙwarai.

Shawararmu guda huɗu ce, kuma babu mai tsada a cikinsu. Na farko, kowace mazaɓa ta sami littafi ɗaya na gidajen da ke cikin matsi, wanda masu unguwanni da limamai da shugabannin mata za su haɗa, a sabunta shi bayan kaka da kuma kafin damina ta yi nisa, lokacin da rumbuna ke ƙarewa. Na biyu, a yi zama sau ɗaya a wata a gaban dagaci, malamin asibiti da hedimasta da malamin gona da wakilin masu zakka su bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. Na uku, kowane gida a ba shi ma'aikaci guda da zai bi lamarinsa har ƙarshe, maimakon a riƙa tura mai buƙata daga wannan ofis zuwa wancan da kuɗin motar da ba shi da su. Na huɗu, duk ƙungiyar da ta zo da taimako ta fara duba littafin nan, ta kuma rubuta abin da ta bayar.

Mun san abin da wasu za su ce: littafin zai faɗa hannun 'yan siyasa, a cika shi da sunayen 'yan jam'iyya. Tsoron gaskiya ne. Maganinsa shi ne a bayyana wa jama'a sharuɗɗan shiga da adadin abin da aka raba, a buɗe hanyar kai kuka wadda ba ta bi ta wurin mai rabon ba, amma a rufa asirin masu karɓa, don talauci ba ya cire wa mutum mutunci.

Saura namu aikin. Yawancinmu daga irin waɗannan garuruwa muka fito, da gumin iyayen da ba su taɓa shiga aji ba. Ƙungiyoyinmu na ɗaliban ƙananan hukumomi sun iya shirya walima da rabon kalanda. Me zai hana a hutu mai zuwa su ba da mako biyu wajen taya masu unguwanni rubutu da lissafi? Ku kuma da kuka kama aiki a sakatariya, ku sani fayil ɗin da kuka ƙi miƙa wa ofishin da ke maƙwabtaka da ku, wataƙila abincin wani gida ne kuka danne.

Kakanninmu ba su san kalmar kwamiti ba, amma sun san gayya, sun kuma san cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Allah ya ba mu ikon yin koyi da su, amin.