Akun Abubakar Imam Daga Indiya Ya Taso

A wata majalisa a mararrabar Dayi na ji wani malamin makaranta yana kukan cewa Indiya ta gurɓata al'adar Bahaushe, ya kuma ce a mayar da yara ga Magana Jari Ce, domin shi ne namu tsantsa. Shawararsa daidai ce. Hujjarsa ce ba ta tsaya da ƙafafunta ba, kuma ita ce mutane da yawa ke maimaitawa.

Akun da ke hana Musa ɗan Sarki Abdurrahman fita ta hanyar ba shi labari bayan labari yana da kakanni. A littafin Shukasaptati na harshen Sanskirit, aku ne ke tsare matar ubangidansa da labarai saba'in don kada ta fita da dare. A ƙarni na 14 Nakhshabi ya sake rubuta shi da Farisanci, ya kira shi Tutinama. Haka ma Kalila wa Dimna: daga Panchatantra na Indiya likita Burzoe ya kai shi Farisa a zamanin Kisra Anushirwan, a ƙarni na 6, sannan Ibnul Muƙaffa ya mayar da shi Larabci a ƙarni na 8. Da irin waɗannan rijiyoyi Imam ya yi ban ruwa har littafinsa ya fito a 1937.

Ba adabi kaɗai ba. Manomin Funtua ko Malumfashi da ke lissafin buhunan masararsa, da alƙaluman Indiya yake yi, waɗanda Alkhawarizmi ya bayyana a Bagadaza a ƙarni na 9. Sukarin da ke cikin shayinsa kuwa, sunansa ya taso daga Sanskirit, ya ratsa Farisanci da Larabci kafin ya iso bakinmu. Sibawaihi, jigon nahawun Larabcin da ake karantawa a zaurukanmu, Bafarishe ne.

Saboda haka aro ba shi ne cutar ba. Imam ya ari kwarangwal, ya tufatar da shi da fada da waziri da karin maganar Hausa, har baƙo ya zama ɗan gari. Mai shirya fim ɗin da ya kwaso rawa da waƙar Bombay ɗungurungum bai yi wannan wahalar ba. A tuhume shi da lalaci, wannan tuhuma ce mai tushe.

Illar da'awar tsantsa ita ce tana raba yaro da tarihinsa. Wanda aka koya wa cewa kakanninsa ba su taɓa karɓar komai daga waje ba, ranar da ya gano gaskiya zai raina su, ko ya raina malaminsa. A koyar da Magana Jari Ce a makarantun Dayi, amma a ajiye taswira kusa da shi, a nuna wa ɗalibi hanyar da akun ya biyo daga Indiya zuwa Farisa, har ya sauka a Zariya.