Guguwar farkon damina: Aikin da ke gaban masu gida tun hadari bai haɗu ba

A yammacin Asabar, 16 ga watan Yunin 2018, kwana ɗaya bayan ƙaramar Sallah, iska mai ƙarfi haɗe da ruwan sama ta afka wa garin Bauchi. Kafin ta lafa ta yaye rufin ɗimbin gidaje, ta tumɓuke itatuwa, ta karya falwayoyi, ta kuma yi ajalin aƙalla mutum takwas. Ɓarnar ta kai har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya je garin jaje.

Abin da ya sami Bauchi ya fi na kullum muni, amma ba sabon abu ba ne. Duk shekara tsakanin Afrilu da Yuni labarin ɗaya ne daga garuruwan Arewa: iska ta kwashe rufi, katanga ta faɗa wa yara, unguwa ta shiga duhu na kwanaki. Sai jami'an hukumar agajin gaggawa su zo ƙidayar gidaje, a yi alkawarin bandir ɗin kwano da buhun siminti, a watse sai baɗi.

Alhali wannan iska tana da lokacinta, tana da hanyarta. A ƙarshen bazara ƙasa ta gama gasuwa, sai iska mai laima daga tekun Atlantika ta kutso Arewa ta haɗu da busasshiyar iskar Sahara. Daga nan manyan gizagizai ke tashi su jeru, su nufi yamma, shi ya sa tun kaka da kakanni gabas ake duba idan ana maganar hadari. Sanyayyar iskar da ke zubowa daga cikinsu ita ce ke riga ruwa isowa, ta taso da jar ƙura, kuma sau da yawa a cikin waɗannan 'yan mintoci na farko ake yin ɓarnar. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen damina tun farkon shekara, tana kuma bayar da gargaɗin iska da tsawa na kwanaki masu zuwa. Ke nan ba rashin sani ne ke cin mutane ba, jinkiri ne.

Rufi shi ne farkon abin dubawa, domin shi iska ke fara nema. Mutane da yawa na ɗauka tura kwano take yi har ya tashi. A gaskiya idan ta bi ta samansa da gudu, zuƙo shi take yi sama. In kuma ƙofa ko taga ta ɓalle ta ɓangaren da take bugowa, sai ta cika ɗakin ta riƙa tunkuɗo rufin daga ciki. Ƙarfinta kuma ba daidai da gudunta yake ƙaruwa ba: idan gudun ya ninka sau biyu, nauyin da take ɗora wa rufi ya ninka sau huɗu. Bakin kwano da kusurwoyi ne ke fara sallamawa. Da zarar falle ɗaya ya ɗaga, saura sun zama nama.

Saboda haka aikin kafinta a watan Maris ko Afrilu ya fi duk wani tallafi da za a raba a watan Yuli daraja. Ya hau ya duba ƙusoshin da suka yi tsatsa ko suka saki, ya maye su da masu hula, ya ƙara yawansu a baki da kusurwa. Ya shiga cikin silin ya ƙwanƙwasa katako, domin gara kan cinye cikinsa ta bar fatar, ƙusa na ciki amma ba abin da ta riƙe. Mafi muhimmanci, ya ga yadda aka ɗaure katakon da jikin gini. A gidaje da yawa, musamman na sababbin unguwanni da aka gina cikin gaggawa, ɗora shi kawai aka yi a kan bulo aka shafe da siminti. Irin wannan rufi ba falle-falle yake tashi ba, gaba ɗaya yake ɗaguwa ya sauka a gidan maƙwabci. Maganinsa a ɗaure katako da rodi ko ƙarfe da aka binne cikin kankaren saman bango. Gidajen da aka ɗaga wa bango ya ɓoye bakin kwano sun fi tsira, muddin bangon na da ƙwari kuma hanyar ruwa a buɗe take.

Duwatsu da tsofaffin tayoyi da ake jerawa a kan kwano dabarar mai ƙaramin ƙarfi ce, ba a raina ta. Sai dai a san iyakarta. Ranar da iska ta fi ƙarfinsu, dutsen nan kan wani zai sauka.

Masu ginin ƙasa nasu aikin daban ne, kuma iyaye sun san shi: yaɓe kafin ruwan fari, toshe tsagar soro, gyara indararo don kada ruwa ya kwanta. Bangon da ruwa ya jiƙa gindinsa ba ya buƙatar babbar iska kafin ya zube. Haka doguwar katangar bulo da aka ja ba ginshiƙi, wadda yara ke fakewa a jikinta idan ƙura ta taso.

A nan ne kuma maganar haya ke shigowa, kuma ya kamata a faɗe ta ba kwana-kwana. Ɗimbin mazauna birane a gidan haya suke. Ɗan haya na ganin rufi na motsi, amma ba ya son kashe kuɗi a kan gidan da ba nasa ba. Mai gida kuma yana can wata unguwa, ba a kansa ruwa zai zuba ba. Gyaran rufi haƙƙi ne a kan wanda ke karɓar kuɗin haya. Idan ya yi nawa, hanya mafi sauƙi ita ce a yi yarjejeniya a gaban mai unguwa ko dillalin gidan, ɗan haya ya gyara a cire daga kuɗin shekara, a rubuta a ajiye. Mai gidan da aka yi wa magana sau uku ya share, ranar da rufi ya danne yaro bai kamata ya fake da ƙaddara ba.

Itatuwa kuwa sassabe suke so, ba sarewa ba. Darbejiyar ƙofar gida na rage ƙarfin iska, tana ba da inuwa, amma busasshen reshenta da ya leƙo kan ɗaki ko kan wayar wuta ya kamata ya sauka tun yanzu. Wanda ya taɓa waya ba aikin yaron unguwa da adda ba ne, sai an sanar da ma'aikatan lantarki sun kashe layin. Farantan sola, tankin ruwa na sama, dish ɗin talabijin da allon shago duk a ƙara musu ɗauri. Tanki a bar shi da ruwa, domin wanda ba komai a cikinsa shi iska ke ɗauka kamar ƙwarya.

Idan gabas ta yi baƙi, lokacin gyara ya wuce. A kira yara daga waje, a kwashe bokiti, kujeru, ragowar kwano da duk abin da zai iya tashi daga tsakar gida, a kashe murhu da gas, a rufe ƙofofi da tagogi da sakata, a cire kayan wuta daga soket. Iyali su taru a ɗakin da ya fi ƙwari, nesa da gilashi. Kada wanda ya fita bin kwanon da ya tashi ko kwashe shanya. Kwano a cikin iska wuƙa ne. Wanda abin ya riske shi a hanya ya nemi gini mai ƙwari, ya guji gindin itace, rumfar kwano, allon talla da jikin falwaya.

Sai dai lafawar iska ba ita ce ƙarshen haɗari ba. Wayar da ta faɗi ƙasa ba ta nuna ko da wuta a jikinta, kuma ana iya dawo da wutar ba sanarwa. Jiƙaƙƙiyar ƙasa, kwatami, ƙofar ƙarfe ko kwanon da wayar ta kwanta a kai duk suna iya ɗaukar wuta. A ba ta tazarar aƙalla mita 10, a tsayar da babba ya hana yara da dabbobi wucewa, a kira kamfanin da ke kula da yankin: KEDCO a Kano, Katsina da Jigawa, kamfanin Kaduna a Kaduna, Zamfara, Sakkwato da Kebbi, na Jos a Filato, Bauchi, Gombe da Binuwai, na Yola a Adamawa, Taraba, Borno da Yobe. Wanda wuta ta kama ba a cafko shi da hannu. Akwai kuma lambar gaggawa ta 112 a inda take aiki.

Daga nan sai zaman duhu. Wani zai ce ɗauke wuta ai ba labari ba ne a ƙasar nan. Gaskiya ne, amma akwai bambanci tsakanin wutar da ake ɗaukewa da safe a kawo da dare da wadda falwaya goma suka karye a kanta. 'Yan Arewa sun ɗanɗana irin wannan a watan Oktoban 2024, lokacin da aka lalata babban layin Shiroro zuwa Kaduna, layin Ugwuaji zuwa Apir kuma ya samu matsala, jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda ba wuta. Ba iska ce ta jawo wancan ba, amma ya nuna abin da ke fara tsayawa. Ba fanka ba ce, ruwa ne. Rijiyoyin burtsatse da wuta suke aiki, idan suka tsaya 'yan garuwa sai su ƙara kuɗin jarka, layi ya yi tsawo. Injin markaɗe ya koma kan fetur, ƙanƙara ta yi tsada, shagon caji ya cika.

Don haka gidan da ya shirya shi ne wanda ya cika randa, duro da jarkoki da ruwan da zai kai iyali kwana uku, a rufe, na sha daban. Bayan ruwan sama mai ƙarfi rijiyar da ba murfi kan haɗu da ƙazantar kwata, ruwanta sai an tafasa. A tanadi abincin da ba ya neman firji ko niƙa: garin tuwo, shinkafa, wake, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, busasshen tumatir da kuɓewa. Firjin da ba a buɗe shi ba yakan riƙe sanyi kimanin awa huɗu, firiza cikakkiya kuma kusan kwana biyu, a zafin bazara ma ƙasa da haka. Naman da ya saki gara a soya shi ko a yi masa banda a ranar.

Fitilar caji da tocila su kasance a wurin da kowa zai iya laluba cikin duhu. Waya da abin ajiye caji a cika su duk lokacin da aka ga wuta. Ƙaramin rediyo mai batir har yanzu ba shi da na biyu, domin idan turakun sadarwa suka tsaya shi kaɗai ke magana. A ajiye 'yan kuɗi a hannu, tunda mai POS ma sabis yake jira. Takardun gida, na makaranta da katin asibiti a sa su a leda mai kauri a ɗaga su sama. Gidan da ke da mai ciwon suga da ke allurar insulin, ko mai asma wanda ƙura ke tayar masa da ciwo, ko mai tsohon ciki, su tanadi magani da lambar mai abin hawa tun da wuri. Ga abin da ke son sanyi, tsohuwar dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi ba tare da wuta ba. Ba ta kai firji ba, don haka mai magani ya tambayi likitansa.

Janareta ya cancanci magana ta musamman, domin ya sha hallaka iyali guda a dare ɗaya. Hayaƙinsa na ɗauke da iskar guba da ba ta da wari ko launi. Tana farawa da ciwon kai, jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya ma farkawa. Daren ruwa shi ne daren da ake jawo inji cikin zaure, baranda ko kicin don kada ya jiƙe ko a sace, kuma shi ne daren da aka rufe tagogi. Wurin janareta waje ne, a fili, nesa da ƙofa da taga, a yi masa 'yar rumfa da sarƙa. Gawayi a rufaffen ɗaki ma haka yake kisa. Ba a zuba wa inji fetur yana aiki ko yana da zafi. Wanda kuma ya haɗa janareta da wayoyin gida ba tare da makunnin da ke raba shi da layin kamfani ba, yana iya tura wuta kan falwaya ta kashe ma'aikacin da ya hau gyara. Kyandir a gefen katifa ko gidan sauro shi ma ya ci gidaje da yawa.

Duk wannan bai sauke wa hukumomi nauyi ba. Gargaɗin NiMet ba shi da amfani ga mai shago a Azare ko manomi a Gumel idan ya tsaya da Turanci a intanet. Gidajen rediyon jihohi su riƙa karanta shi da Hausa, Fulatanci da Kanuri a ranar da ya fito. Hukumomin ilimi su duba rufin ajujuwa kafin ruwa, na tsara birane su daina kau da kai daga allunan tallan da tsatsa ta cinye. Kamfanonin lantarki sun san falwayoyinsu da suka karkace da wayoyin da suka yi ƙasa, ba sai iska ta nuna musu ba.

Akwai kuma abin da ke biyo bayan kowace guguwa: takardar karo-karo da ke zagaya gida-gida don sayen falwaya ko gyaran taransifoma. Hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sha bayyana cewa saye, gyara ko maye waɗannan kayayyaki aikin kamfanin rarraba wuta ne, ba na masu amfani da ita ba. Unguwar da aka nemi ta biya ta fara rubuta koke ga kamfanin, ta ajiye kwafi da kwanan wata. Idan ba a saurare ta ba, ta kai maganar ofishin sauraron koke na hukumar lantarki da ke kula da jiharta.