Tarukan ilimi ta intanet: An buɗe ƙofa, amma wa ya samu shiga?

A ranar 10 ga watan Maris na shekarar 2020, kwana guda kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar korona a matsayin annobar da ta game duniya, Hukumar Raya Ilimi da Kimiyya da Al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato UNESCO, ta kira wani taron gaggawa na manyan jami'an ilimi. Ƙasashe 73 ne suka halarta, ciki har da ministoci 24, amma babu wanda ya hau jirgin sama zuwa hedkwatar hukumar da ke birnin Paris. Kowa ya zauna ne a ƙasarsa, yana magana ta hoton bidiyo.

A lokacin ɗalibai miliyan 363 ne rufe makarantu ya shafa. Kafin ƙarshen watan Afrilu adadin ya kai kimanin miliyan 1,600 a ƙasashe fiye da 190.

Tun daga wannan lokaci taro ta intanet ya zama jiki a harkar ilimi ta duniya. Annobar ta wuce, an koma haɗuwa ido da ido, amma da wuya a yanzu a shirya wani babban taro ba tare da an tanadi hanyar bin sa daga nesa ba. Abin tambaya shi ne ko wannan sauyi ya ƙara wa ƙasashe matalauta murya a wurin da ake yanke shawara kan makomar 'ya'yansu.

Daga Jomtien zuwa allon kwamfuta

Manyan manufofin ilimi da duniya ke bi a yau duk a zaurukan taro aka haife su. A birnin Jomtien na ƙasar Thailand aka ƙaddamar da shirin Ilimi Ga Kowa a shekarar 1990. A watan Afrilun 2000 gwamnatoci 164 suka sabunta alƙawarin a Dakar, babban birnin Senegal. A watan Mayun 2015 kuma mutane kimanin 1,600 daga ƙasashe 160 suka hallara a Incheon na Koriya ta Kudu, inda aka amince cewa kowace ƙasa ta riƙa kashe kashi 4 zuwa 6 cikin 100 na arzikin da take samarwa a shekara, ko kuma kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na kuɗaɗen gwamnati, a kan ilimi.

Annobar korona ce ta katse wannan al'ada. A watan Oktoban 2020 UNESCO ta shirya zama na musamman na Taron Ilimi na Duniya ta intanet, tare da haɗin gwiwar gwamnatocin Ghana da Norway da Birtaniya. Shugabannin ƙasashe da ministoci suka amince da wata sanarwa da ta buƙaci a kare kasafin kuɗin ilimi daga zaftarewa, a sake buɗe makarantu cikin kiyaye lafiya, a tallafa wa malamai, a kuma rage giɓin da ke tsakanin masu intanet da marasa ita.

Haka nan taron UNESCO kan ilimi domin ci gaba mai ɗorewa, wanda aka so yi a birnin Berlin na Jamus a 2020, sai a watan Mayun 2021 aka gudanar da shi, shi ma ta intanet. Mutane kimanin 2,800 daga ƙasashe 161 ne suka shiga.

Fasahar da ta ɗauki wannan nauyi ta bunƙasa cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Kamfanin Zoom ya ce masu shiga taruka ta manhajarsa a kowace rana sun tashi daga miliyan 10 a watan Disamban 2019 zuwa miliyan 300 a watan Afrilun 2020.

Ribar da aka samu

Ko shakka babu akwai abubuwan da tsarin ya sauƙaƙa. Na farko shi ne kuɗi. Malamin jami'a daga Kano ko Maraɗi da ke son gabatar da ƙasida a Turai sai ya nemi kuɗin jirgi da na masauki da na rajista, duk da kuɗin ƙasashen waje, abin da sau da yawa ya ninka albashinsa na wata. A taron intanet kuwa, abin da yake buƙata shi ne na'ura da layi mai ƙarfi da wutar lantarki.

Na biyu shi ne biza. An sha kokawa kan yadda ake hana masana daga Afirka izinin shiga ƙasashen da ke karɓar baƙuncin taruka, har da waɗanda ake yi kan matsalolin Afirkar kanta. Babban misali shi ne taron duniya kan cutar ƙanjamau da aka yi a Montreal na ƙasar Kanada a 2022, inda wakilai da dama daga ƙasashe masu tasowa suka kasa samun biza a kan lokaci.

Na uku shi ne muhalli. Wani nazari da aka buga a mujallar kimiyya ta Nature a 2020 ya ƙiyasta cewa tafiye-tafiyen mutane 28,000 da suka halarci taron masana kimiyyar ƙasa a San Francisco na Amurka a 2019 sun fitar da hayaƙi mai ɗumama yanayi kimanin tan 80,000.

Akwai kuma waɗanda ɗawainiyar iyali ko naƙasa ke hana su doguwar tafiya. Malama mai goyo, wadda ba za ta iya barin gida na mako guda ba, tana iya sauraron zama na sa'o'i biyu, ko ta kalli wanda aka naɗa daga baya.

Inda gizo ke saƙar

To amma duk wannan riba ta dogara ne a kan samun intanet ɗin. Alƙaluman da UNESCO ta fitar a watan Afrilun 2020 sun nuna cewa a ƙasashen Afirka da ke kudu da hamadar Sahara kashi 89 cikin 100 na ɗalibai ba su da kwamfuta a gida, kashi 82 kuma ba su da intanet. A ƙarshen wannan shekarar, rahoton haɗin gwiwa na asusun UNICEF da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, ya ce a yankin yammaci da tsakiyar Afirka kashi 95 cikin 100 na yaran da suka isa makaranta ba su da intanet a gidajensu. A 2023 kuma ITU ta ƙiyasta cewa kashi 37 cikin 100 ne kawai na mutanen Afirka ke amfani da intanet.

Ma'ana, yankin da ya fi ko'ina yawan yaran da ba sa zuwa makaranta shi ne kuma ya fi ko'ina ƙarancin hanyar shiga taron da ake yi domin su. Minista da ke Abuja ko Yamai yana da janareta da layi na musamman a ofishinsa. Shugaban makarantar firamare a ƙauye, ko malamin tsangaya, ko jagoran ƙungiyar iyayen yara, waɗanda suka fi kowa sanin halin da azuzuwa ke ciki, ba su da wannan gata.

Matsalar wuta ma ta isa. A 2021 Bankin Duniya ya ce 'yan Najeriya miliyan 85 ba su da lantarkin gwamnati. A Jamhuriyar Nijar, wadda ta daɗe tana samun kaso mai yawa na wutarta daga Najeriya, an shiga duhu na tsawon watanni lokacin da aka yanke layin bayan juyin mulkin watan Yulin 2023.

Layin sadarwar kansa ba shi da tabbas. A watan Satumban 2021 hukumomin Najeriya sun katse layukan waya a jihar Zamfara, daga baya kuma a wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna, a ƙoƙarin murƙushe 'yan bindiga. A watan Maris na 2024 lalacewar wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku a gaɓar yammacin Afirka ta jefa ƙasashe da dama cikin matsalar sadarwa na kwanaki. A farkon 2025 kuma aka amince wa kamfanonin sadarwa a Najeriya su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, alhali kuwa bidiyo ne ya fi komai cin data.

Sai kuma batun harshe. Harsuna 6 ne na aiki a manyan tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya: Ingilishi da Faransanci da Larabci da Sifaniyanci da Rashanci da Sinanci. Hausa da Swahili da Fulatanci ba sa ciki. Ko da an watsa taro kai tsaye kyauta, wanda bai ji ɗaya daga cikin waɗancan harsuna ba ɗan kallo ne kawai.

Zumunta a ƙafa take

Masu harkar diflomasiyya sun daɗe da sanin cewa jawaban da ake karantawa a kan mumbari ba su ne ainihin taro ba. A gefen zaure, wurin shan shayi ko cin abinci, ake ƙulla yarjejeniya, a nan ne ministan ƙaramar ƙasa zai tare wakilin babbar hukumar ba da agaji ya faɗa masa bukatarsa. A taron intanet kuwa, mai shirya taron ne ke riƙe da makunnin lasifika. Shi ke zaɓen wanda zai yi magana da tsawon lokacin da zai ɗauka, kuma galibi sanarwar bayan taro an riga an kammala ta tun kafin a zauna.

Taron tara kuɗi na Asusun Haɗin Gwiwa Kan Ilimi na Duniya, GPE, da aka yi a birnin Landan a ranakun 28 da 29 ga watan Yulin 2021 ya fito da wannan bambanci a fili. Firaministan Birtaniya na lokacin Boris Johnson da shugaban Kenya na lokacin Uhuru Kenyatta ne suka jagorance shi, kuma an tsara shi ne gida biyu: wasu a zaure, wasu ta intanet. Shugabannin Afirka da dama, ciki har da marigayi Muhammadu Buhari na Najeriya da Nana Akufo-Addo na Ghana da Lazarus Chakwera na Malawi, sun gwammace su je da kansu. A Najeriya 'yan adawa sun soki tafiyar, suna cewa taro ne da za a iya halarta daga Abuja.

Ko ma yaya aka kalli sukar, tafiyar shugabannin ta nuna inda suke ganin nauyin taron yake. Wannan shi ne hatsarin tsarin gida biyu: masu kuɗi da biza su zauna a zaure su yanke shawara, sauran kuma su kalla ta allo, sannan a ƙidaya su duka a ce an samu halartar jama'a mai yawa.

Alƙawari kaya ne

A ƙarshen taron na Landan an yi alƙawarin dala miliyan dubu 4 daga cikin miliyan dubu 5 da ake nema. Birtaniya ta yi alƙawarin fam miliyan 430, a daidai lokacin da ta rage agajin da take bai wa ƙasashen waje daga kashi 0.7 zuwa 0.5 cikin 100 na kuɗin shigarta. Shugabannin ƙasashe 19 sun amince su ware aƙalla kashi 20 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga ilimi. Shugaba Buhari ya yi alƙawarin ƙara kuɗin da Najeriya ke kashewa a fannin da kashi 50 cikin 100 cikin shekaru biyu, har ya kai kashi 100 nan da 2025.

Sai dai a shekarun da suka biyo baya kason ilimi a kasafin kuɗin gwamnatin tarayya bai kai ko da kashi 10 cikin 100 ba, kuma faɗuwar darajar naira tun daga 2023 ta cinye yawancin ƙarin da aka gani a takarda. A 2022 UNESCO ta ƙiyasta cewa yara da matasa miliyan 244 ne ba sa zuwa makaranta a duniya, miliyan 98 daga cikinsu a Afirka kudu da Sahara, kimanin miliyan 20 kuma a Najeriya kaɗai.

Wannan ya nuna cewa yadda aka yi taro, a zaure ne ko ta allo, ba shi ke tabbatar da cika alƙawari ba. An yi alƙawari a Dakar ido da ido cewa kowane yaro zai samu ilimin firamare kafin 2015, kuma ba a cimma hakan ba.

Abin da ke gaba

Akwai dalilan da za su sa tarukan intanet su ƙara yawa. A 2025 gwamnatin shugaba Donald Trump ta rusa hukumar ba da agaji ta USAID, ta kuma sanar da cewa Amurka za ta fice daga UNESCO. Birtaniya ma ta ce za ta sake rage agajinta zuwa kashi 0.3 cikin 100 nan da 2027. Idan aljihu ya yi rauni, kuɗin tafiye-tafiye na cikin abubuwan da ake fara yankewa, kuma wakilan ƙasashe matalauta, da akasari ake biya wa kuɗin jirgi, su ne za su fara ji a jikinsu.

Saboda haka muhawarar ta koma kan yadda za a gyara tsarin. Daga cikin matakan da ba su da tsada akwai kafa cibiyoyin kallo a jami'o'i da kwalejojin horar da malamai, inda mutane za su taru wuri guda su bi taro su kuma aika da tambayoyinsu. Akwai tanadar hanyar sauraron murya kawai ga masu layi mara ƙarfi, da fassara muhimman zama zuwa manyan harsunan Afirka domin a watsa ta rediyo, kamar yadda jihohi irin su Kano da Kaduna suka koyar da ɗalibai ta rediyo da talabijin lokacin kullen korona. Mafi muhimmanci shi ne a bai wa masu halarta daga nesa damar sa baki a daftarin sanarwa kafin a amince da ita.

A watan Satumban 2025 aka sanar da cewa Najeriya da Italiya ne za su jagoranci sabon zagayen tara kuɗi na GPE, wanda ke neman dala miliyan dubu 5. Wannan ya ɗora wa Najeriya nauyi biyu: ta nemi masu ba da agaji su buɗe bakin aljihunsu, ta kuma amsa tambayar da malamai da iyaye a gida za su yi mata kan alƙawarin da ta ɗauka a Landan a 2021.