Tsohuwar Ganga Da Burkutun Gitata

Jama'a, ba tallan giya nake yi ba. Musulunci ya haramta ta, fastoci da yawa ma suna wa'azi a kanta. Amma wa'azin bai hana mata a ƙauyukan da ke kewaye da Gitata, kan hanyar Keffi zuwa Kaduna, jiƙa dawa su dafa burkutu ba, da ita ma wasu ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yansu. To tunda ana sha, sai a dubi kayan dahuwar.

Da can tukunyar ƙasa ce da randa da ƙwarya. Yau mai sana'a sai ta sayo tsohuwar ganga, a datse ta biyu, ta ɗora a murhu. Ga araha, ga ba ta fashewa. Wai shin wa ya tambayi abin da gangar ta ɗauko a baya? Baƙin mai ne, ko fenti? Jarkar ɗebo ruwa kuwa, wata ta maganin ciyawa ce aka ɗauraye kawai.

Ko da gangar ba ta taɓa ɗaukar guba ba, burkutu tsami gare ta, tsamin kuwa yana cin ƙarfe. Likitocin Afirka ta Kudu sun daɗe da gano cewa giyar da aka dafa a gangar ƙarfe tana tara ƙarfe a hantar mashayi har ta lalace.

Ina duba-gari suke? Ƙaramar hukuma ta tura su wajen masu sayar da gangunan ran kasuwa, kana ta taimaka wa matan da rancen sayen tukwane daga magina, su biya kaɗan-kaɗan.