Jujitsu: Kare Kai Ne Ko Yaudarar Kai?

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa shi ne wani al'amari da ya faru da abokina da muke ɗaki ɗaya da shi. Shekara biyu ya yi yana zuwa wani wajen motsa jiki a cikin garin Maiduguri yana koyon jujitsu, har muna tsokanarsa da "Sarkin Yaƙi". Wata rana bayan sallar isha'i yana dawowa daga Mairi, wasu samari biyu suka tare shi suka ce ya miƙo waya. Shi kuwa sai ya kai hannu zai murɗe wa mai wuƙar hannu, kamar yadda aka koya masa. Wayar ta tafi, tafin hannunsa ya sha ɗinki, jarrabawar da ta biyo baya ma da ƙyar ya riƙe biro. Tun ranar nake tambayar kaina, shin wannan horo yana da amfani kuwa?

Bari mu fara da sunan, tunda mu ɗaliban harshe ne. A harshen Japananci "ju" na nufin laushi ko sassauci, "jutsu" kuma dabara. Wato dabarar kayar da mutum da ƙarfinsa. Mayaƙan samurai ne suka raya ta, domin naushi ba ya yi wa mai sulke komai, sai dai a kayar da shi ko a karya masa gaɓa.

To ina matsalar take? A koyarwa irin ta gargajiya, abokin atisayenka ya san abin da za ka yi masa, ya miƙo hannu a hankali, ka murɗa, ya faɗi da yardarsa. Wannan daidai yake da ɗalibin da ya haddace nahawun Faransanci kaf, amma bai taɓa cinikin tumatir da shi a kasuwar Diffa ba. Ranar da ya buɗe baki sai harshe ya sarƙe. Ɓarawo ba ya miƙo hannu a hankali, kuma ba ya zuwa shi kaɗai.

Su kansu Japanawa sun gane haka. A shekarar 1882 wani malami mai suna Jigoro Kano (ba Bakano ba ne, sunan ne ya zo ɗaya) ya kafa makarantar Kodokan a Tokyo. Ya ware dabarun da ke da haɗari, ya mai da hankali ga gwabzawa ta gaske, inda kowa ke neman kayar da ɗan'uwansa. Daga nan aka sami judo, wadda ta shiga wasannin Olamfik a 1964. Haka kuma a 1993 a Amurka, Royce Gracie ɗan ƙasar Barazil ya lashe gasar UFC ta farko, ya kayar da ƙarta da suka fi shi jiki, saboda irin jujitsun gidansu kullum da abokin hamayya mai turjiya ake yin ta.

Abin mamaki, wannan sirri yana nan a gidanmu. Ɗan dambe ba ya naɗa kara a hannu don ya buga iska, ɗan kokawa kuma bai san abokin karawa mai faɗuwa da gangan ba. Maƙwabtanmu na Nijar tun 1975 suke gudanar da gasar kokawa ta ƙasa, mu kuwa muna raina namu muna rububin farar riga da baƙar ɗamara. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa nake yi jujitsu aikin banza ce. Tana koya wa mutum faɗuwa ba tare da ya fasa kai ba, wanda ko daga Keke Napep ka suɓuto zai yi maka rana. Tana ƙara numfashi da natsuwa, tana koya wa 'yan'uwanmu mata yadda za su ƙwace daga riƙon mugu su sami sararin gudu da ihu. Amma dambe da kokawa da jujitsu, babu wanda ke hana wuƙa yanka a cikinsu. Malamin da bai faɗa wa ɗalibinsa wannan ba ya cuce shi.

Saboda haka shawarata ita ce, duk mai son koyo ya fara zuwa ya zauna ya yi kallo. In ya ga ana gumurzu na gaske ana haɗa gumi, ya shiga. In kuwa ya ga kowa na faɗuwa kamar a fim ɗin Indiya, ya riƙe kuɗinsa. Sannan mu guji bin lungu mu kaɗai da dare, mu daina tafiya ido na kan waya. Idan ƙaddara ta haɗa ka da mai makami, ba shi abin da ya nema. Waya akwai ta a kasuwa, yatsu kuwa ba a sayar da su ko a Monday Market.

Abokina ya warke, ya ma koma atisaye, sai dai ya sauya malami. Allah Ya tsare mu da tsarewarSa, amin.